Yadda Ake Tatsar Bishiyar Roba Ba Tare da An Lalata Ta Ba

Ci-rani ne ya kai ni gonar roba a jihar Edo, kuma dattijon da ya koya mini aikin bai bar ni na taɓa bishiya mai rai ba sai da na yi kwana goma ina aske wani gungume da iska ta kayar. Kullum da yamma zai zo ya shafa wurin da ɗan yatsa, in ya ji kaushin itace ya girgiza kai ya wuce. A lokacin na ɗauka wahalar da ni yake yi. Daga baya na gane cewa ɓawon bishiyar roba shi ne jarin mai gona da na mai tatsa gaba ɗaya: in aka ci shi sannu a hankali zai ciyar da gida shekara 25 zuwa 30, in aka yi masa yankan mahauci ba zai kai shekara goma ba. Duk abin da zan faɗa a nan yana komawa ne ga wannan ɓawon.

Kayan aiki

Wuƙar tatsa ita ce gaba da komai. Iri biyu za ka tarar a kasuwa: mai lanƙwasasshen baki da ake ja da ita, wadda 'yan Malesiya ke kira jebong, da mai baki kamar kurfi da ake turawa. Kowacce tana aiki, sai dai ka zaɓi ɗaya ka saba da ita, kada ka riƙa sauyawa. Wuƙar girki ko aska ko adda ba sa maye gurbinta, domin bakinta ne yake fitar da ɗan kwarin da madara, wato farin ruwan roba da ke fita daga ɓawo, ke bi. In babu ta saye, kai wa maƙeri tsohuwa ya gani ya ƙera maka irinta.

Sai dutsen wasa wuƙa guda biyu, mai kaushi da mai laushi. Sai kofi ga kowace bishiya, na roba ko na tangaran, mai cin kamar rabin lita. Inda babu, ƙoƙon kwakwa da aka kankare cikinsa ya yi sumul yana yi, kuma da shi magabata suka yi aiki shekara da shekaru. Kada ka yi amfani da gwangwani mai tsatsa, yana ɓata roba. Sai waya da za ta riƙe kofin, da ɗan indararo na kwano mai tsawon ɗan yatsa wanda za ka iya yankawa daga ragowar kwanon rufi ka lanƙwasa tsakiyarsa. Sai tef ɗin tela, da alli ko fenti, da sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya da rabi.

Don jikinka kuwa: fitilar goshi, takalmin ruwa mai tsawo, da tsofaffin kaya, saboda madarar roba in ta bushe a riga ba ta fita. Takalmin nan ba ado ba ne. Ƙarƙashin bishiyoyin cike yake da busassun ganye, kuma cikin duhu ake shiga.

Don tara madara kana bukatar bokiti biyu masu tsabta, ƙarami na hannu da babba mai murfi. In za ka sarrafa ta da kanka, ƙara rariya mai ƙananan ido, farantan alminiyam masu zurfi, fomik asid, wato sinadarin da ke daskarar da madara, da sirinjin awo.

1. Ka tabbata bishiyar ta isa

Bishiyar roba takan isa tatsa tana da shekara 6 zuwa 7, amma ba shekaru ake dubawa ba, kauri ake aunawa. Galibin gonakin yanzu aurarrun bishiyoyi ne, wato an haɗa idon irin da ake so a jikin wani tsiro, za ka ga wurin auren a gindi kamar ƙafar giwa. Daga nan ka auna sama mita ɗaya, ka zagaya tef. In ta kai santimita 50, ta isa. In 45 ce, ka bar ta, ko da mai gona yana matsa maka. Bishiyar da aka buɗe tun ba ta kai ba ɓawonta siriri ne, wuƙa na saurin huda shi, kuma girmanta yana tsayawa domin abincin da za ta gina jiki da shi ya koma yin madara.

Ƙa'idar manyan gonaki ita ce ba a buɗe fili sai kashi 70 cikin 100 na bishiyoyinsa sun kai wannan awo. Dalilin na ƙafa ne: in ɗaiɗaiku ne suka isa, tafiyar da za ka yi tsakaninsu ta fi madarar da za ka samu. Duk wadda ta isa ka sa mata ɗigon fenti, sauran ka sake auna su bayan wata shida.

2. Zana layi

Tsaya ka fuskanci bishiyar. Tsagar za ta taso daga sama ta hagunka, ta gangaro ƙasa ta damanka, ta zagaye rabin jikin bishiyar kawai. Wannan ba al'ada ce kurum ba. Jijiyoyin madara a cikin ɓawo ba miƙe suke sak ba, sun ɗan karkata, suna hawa daga hagu zuwa dama, don haka tsagar da ta gangaro daga hagu ita ke yanke mafi yawansu. Wanda ya juya ta zai yi aiki iri ɗaya ya samu madara kaɗan.

Jingina sandarka ka ja layi miƙaƙƙe daga tsayin santimita 150 zuwa gindi. Wannan shi ne layin gaba, inda madara za ta sauko. Wasu gonakin a 125 suke buɗewa. Ka bi tsarin inda kake, muddin bishiyoyin duka a tsayi ɗaya suke. Sai ka auna kaurin bishiyar ka raba biyu, ka ja layi na biyu a bayanta, daidai kishiyar na farko. Gangaren da ke haɗa layukan biyu digiri 30 ne ga aurarriyar bishiya, 25 ga wadda ta tsiro daga iri.

A manyan gonaki akwai ma'auni na sanda da aka liƙa wa siririn kwano a karkace, a naɗa shi a jikin bishiya a bi gefensa da ƙusa. In ba ka da shi, ga lissafin da nake yi: bishiya mai kauri 50, rabinta 25 ne, to bakin tsagar na layin baya ya ɗara na layin gaba tsayi da santimita 14 zuwa 15. Sa alama a wuraren biyu, ɗaura zare tsakaninsu, ka bi zaren da alli. In gangaren ya kwanta da yawa madara za ta malala ta gefe ta bi jikin bishiya zuwa ƙasa. In ya miƙe da yawa za ka cinye ɓawo a banza.

Tun da kana nan, ka ja wasu layukan biyu ko uku a ƙarƙashin na farko, masu gangare iri ɗaya. Su za su riƙa yi maka jagora, domin hannu yana da halin kwantar da tsaga a hankali ba tare da mutum ya lura ba.

3. Buɗe tsaga, kafa indararo da kofi

Ka bi layin allin da wuƙa sama-sama, ka cire busasshen ɓawon waje. Kada ka nemi kai wa zurfi a rana ɗaya. Sau uku ko huɗu za ka dawo, kowane zuwa ka ɗan ƙara. Daga ƙarshen tsagar na dama ka fere ɗan kwari mara zurfi a kan layin gaba, tsawon kamar taƙi ɗaya. A ƙarshensa ka kafa indararon a ɗan sunkuye, ka buga shi a hankali da ƙotar wuƙa har ya kama ɓawo. Kada ya shiga itace. Ɗaura waya a ƙasa da shi da kamar faɗin tafin hannu, ka ɗora kofi. Wayar ka yi mata 'yar lanƙwasa kamar sifirin don ta riƙa buɗewa yayin da bishiya ke ƙara kauri, in ba haka ba za ta nutse a ɓawo ta shaƙe shi.

Madarar farko kaɗan ce, mai kauri, wani lokaci ruwan ɗorawa-ɗorawa. Sabon shiga yakan tsorata ya ce bishiyar ba ta da kyau, sai ya ƙara zurfi. Ka yi haƙuri. Kamar karsana ce a haihuwar fari, sai ta saba da hannu take sakin nono, kuma bayan tatsa goma zuwa sha biyar za ka ga bambanci.

4. Tatsar yau da kullum

A nan aikin yake, kuma a nan zan daɗe.

Wuƙa tun da yamma ake wasa ta. Ka fara da dutse mai kaushi ka gama da mai laushi, har ta iya aske gashin hannu. Dakusasshiyar wuƙa tana murje bakin jijiyoyin maimakon ta yanke su, sai su toshe da wuri, ga shi tana sa mutum ya danna da ƙarfi har ya zarce.

Da sanyin asuba ake tatsa, domin a lokacin bishiya ta kwana tana shan ruwa, ganyenta bai fara fitar da shi ba, jikinta a cike yake tam. Da rana ta ɗaga, matsin ya ragu, madara ta ragu. A kudancin Tailan, ƙasar da ta fi kowace fitar da roba a duniya, tun tsakar dare iyalai suke shiga gona, a da da fitilar kabaid a goshi, yanzu da ta batir. Mu a inda na yi aiki mukan fara wajen ƙarfe biyar, mu tsaya mu yi sallar asuba a kan buhu tsakanin layuka, mu ci gaba. Abin nema shi ne a gama yanka kafin ƙarfe tara. Gwani yakan yi bishiya 400 zuwa 500 a safiya ɗaya. Kai ka fara da 100, kada ka yi tsere da kowa.

Da ka isa gindin bishiya, ga yadda hannu ke tafiya. Cire dunƙulen da ya daskare a kofi ka jefa a jaka. Ja zaren robar da ya bushe a kan tsaga, zai taso kamar danƙon harbi, shi ma ka adana, kuɗi ne. Share indararo. Sai ka sa wuƙa a bakin tsaga na sama, ka ɗan gyara kusurwar, ka riƙa ja da gajeren motsi daga wuyan hannu, kana takawa da baya kana zagaya bishiyar har ka sauko layin gaba. Ƙafa ce ke tafiya da wuƙa. Wanda ya tsaya wuri ɗaya yana miƙa hannu, tsagarsa za ta yi tudu da kwari. Da ka gama za ka ga fararen ɗigo sun fito sun haɗu sun fara gangarowa. Ja musu hanya da bakin wuƙa zuwa indararo, daidaita kofi, ka wuce.

Abu biyu za ka kiyaye, kauri da zurfi, kuma sababbi suna rikita su.

Kauri shi ne yawan ɓawon da kake askewa daga saman tsaga zuwa ƙasa. Milimita ɗaya da rabi ya isa, in ya yi yawa biyu. Abin da ake so kawai a cire toshiyar da ta rufe bakin jijiyoyi tun tatsar baya. Askewa mai kauri ba ta ƙara ko ɗigo ɗaya. Yi lissafi da kanka: mai tatsa kwana ɗaya tsakani yana yin kamar sau 150 a shekara, a milimita ɗaya da rabi ya ci santimita 22 ko 23, gefe ɗaya zai kai shi shekara shida. In yana cire milimita uku, a shekara uku ya kai gindi. Shi ya sa duk ƙarshen wata ake ɗiga fenti a layin baya daidai inda tsaga take. Tazarar ɗigo biyu ta wuce santimita biyu da kaɗan, hannunka ya yi nauyi.

Zurfi kuwa shi ne yadda wuƙa ke shiga ciki wajen itace. Tsakanin ɓawo da itace akwai wata siririyar fata mai santsi, ita ce ke haifar da sabon ɓawo. Jijiyoyin madara sun fi yawa dab da ita. To ka ga inda wahalar take: in ka tsaya nesa ka bar rabin madarar a ciki, in ka taɓa ta ka ji wa bishiya ciwo. Ana so ka tsaya saura kamar milimita ɗaya. Aikin wanzami ne sosai, aska ta kwashe gashi tas ba ta fitar da jini ba. Don gwaji, ka samu siririyar waya mai tsini ka soka a hankali a cikin tsagar har ka ji ta tsaya a itace, ka duba nawa ta shiga. Da sannu hannu zai riƙa ji da kansa, domin ɓawo na kusa da fatar ya fi laushi, launinsa ma ya fi haske.

In ka zarce, washegari za ka ga wurin ya yi baƙi, itace a tone. Bayan shekara wurin zai zama ƙulli, kuma ranar da aka dawo kan sabon ɓawon wuƙa ba za ta bi ta kai ba. Na taɓa yi wa bishiyoyi kusan ashirin haka a watana na biyu saboda ina son in cika bokiti kamar na tsofaffin hannu, kuma bayan shekaru da na koma gonar na gane su ɗaya bayan ɗaya. In hakan ta faru da kai, shafa wa ciwon man jelin shafawa ko maganin da ake sayarwa don haka, ka kauce masa a tatsa ta gaba.

Wannan askewa ta sama-sama ba da ita aka fara ba. Asalin bishiyar daga dajin Amazon take a Barazil. A 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kwashi iri kusan 70,000 ya kai lambun Kew a Landan, daga nan aka rarraba tsiron zuwa Silon, wato Siri Lanka ta yau, da Singafo. Henry Ridley, wanda ya karɓi shugabancin lambun Singafo a 1888, shi ya tabbatar cewa in ana sake aske bakin tsaga ɗaya kaɗan-kaɗan, bishiya za ta yi ta ba da madara shekaru ba ta mutu ba. Kafin nan sara ake yi. A ƙasar Yarbawa ma, cikin shekarun 1890, an yi rububin tatsar wata bishiyar daji da suke kira ire, aka yi ta tsaga ta tun daga sama har ƙasa, 'yan shekaru kaɗan bishiyoyin suka mutu, cinikin ya rushe a Legas. Duk mai tatsa ya kamata ya san wannan labarin.

Kada a tatsi bishiya kullum. Kwana ɗaya tsakani shi ne tsohon tsari, yanzu da yawa sun koma sau ɗaya a kwana uku, musamman ga irin da ke zubar da madara sosai. Ka raba gonar gida biyu ko uku, kowace safiya ka shiga ɗaya.

5. Tara madara

Madara takan yi awa biyu zuwa huɗu tana ɗiga. In ka gama yanka ka huta, ka karya, sai ka koma ta bishiyar da ka fara. Juye kofi a ƙaramin bokiti, share cikinsa da babban yatsa, mayar da shi. Abin da ya ɗiga daga baya zai daskare ya zama dunƙulen gobe. Ka ajiye babban bokiti a inuwa a rufe. Ganye, ɓawo, ƙasa, ruwan sama, duk suna sa madara ta tsinke ta yi gudaji tun kafin a kai gida.

In kamfani za ka kai wa ita tana ruwa, su kan ba da amoniya a zuba don kada ta daskare a hanya. Ka bi awon da suka faɗa, kuma kada ka kai hanci bakin jarkar. In hadari ya taso, kada ka jira ta gama ɗiga, ka kwashe abin da ya samu.

6. Daskarar da ita

Hanya mafi sauƙi, wadda yawancin ƙananan manoma a Edo da Delta ke bi, ita ce dunƙule: a bar madara ta daskare a kofi, ko a ɗiga mata asid da aka sirka a juya da tsinke, a tattara a sayar da kilo. Ka ajiye dunƙulen a kan katako ko gadon gora a inuwa, kada a ƙasa. Yana da wari, wannan kam sai haƙuri. Abin da ba zan yi shiru a kai ba shi ne masu cusa yashi ko ɓawo ko dutse a ciki don ya yi nauyi. Haramun ne, kuma masu saye suna yanka dunƙule su duba. In suka kama mutum ɗaya, farashin ƙauyen gaba ɗaya suke karyawa.

Hanya ta biyu ita ce falle, ta fi wahala, ta fi kuɗi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na madara shi ne roba, saura ruwa ne. Tace ta da rariya. Sirka ta da ruwa mai tsabta, ga madara mai kauri kamar lita ɗaya da rabi a ruwa lita biyu da rabi, ya zama lita huɗu a faranti ɗaya, wanda zai ba ka falle mai nauyin kusan rabin kilo. In yau za ka murza, auna fomik asid mililita 2 da sirinji ka zuba a ruwa mililita 400. In sai gobe, mililita ɗaya da rabi a ruwa 300. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma ka sa safar hannu, domin yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa sai wanki da ruwa mai yawa da gaggawar zuwa asibiti. Zuba haɗin a faranti, juya sosai, kwashe kumfar sama, rufe. Kumfar da aka bari ita ke zama ƙuraje a jikin falle ta rage masa daraja.

In babu fomik asid, asid ɗin binega yana yi, sai dai ana ninka awon. Ruwan lemon tsami da aka tace ma yana daskarar da ita in an matsu. Ruwan batir kuwa kada ka kusance shi, ko da ka ga wasu na yi: yana lalata ƙarfin roba, yana cin injin, in ya taɓa tsaga yana ƙona ɓawo.

Da ta daskare za ta zama kamar awara. Juye ta a tebur mai tsabta, danna da tafin hannu ruwa ya fita, sa ta a injin murza mai santsi sau uku kana matse shi a hankali, sannan sau ɗaya a mai zane, har kaurinta ya dawo kamar milimita uku. Zanen yana sa ta saurin bushewa. Inda babu inji, ana murzawa da kwalba ko muciya a kan tebur, sai dai ba ta yin siriri sosai, bushewarta na daɗewa. Wanke fallen da ruwa, rataye a inuwa awa biyu zuwa uku ya tsane. Kada ka shanya a rana, zai yi danƙo ya narke.

7. Hayaƙi

Ɗakin hayaƙi ƙaramin ɗaki ne mai sandunan gora a jere, murhu a waje, hayaƙi na shiga ta ƙasa ya fita ta sama. Zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 40 da 60, a fara da kaɗan a ranar farko. Kwana huɗu zuwa biyar ya isa, kana juya fallen kullum don kada sanda ta bar masa shaida. Ka ɗaga shi a haske: in ya yi launin zuma ko'ina, ya yi, in da farin tabo, da sauran ruwa. Da haka masu saye ke raba shi daraja ta ɗaya zuwa ta biyar. Kada harshen wuta ya shiga ɗakin, roba in ta kama ba a kashe ta da sauƙi.

Hayaƙin nan gadon mutanen Amazon ne. Masu tatsar can, da ake kira seringero, kowa yana da hanyarsa a cikin daji da yake bi daga bishiya zuwa bishiya, in ya dawo ya hura wuta da ƙwallon wani irin giginya, ya riƙa zuba madara a kan sanda yana juya ta cikin hayaƙi har ta zama ƙatuwar ƙwallo. Daga cikinsu Chico Mendes ya fito, wanda aka kashe a Shapuri a Disambar 1988 saboda ya tsaya kan kada a sare dajin da suke ci daga gare shi.

8. Ranakun da ba a tatsa

In an kwana ana ruwa, jikin bishiya a jiƙe, ka bari ya bushe ko ka haƙura da ranar. Madara za ta bi ruwa ta watse, kuma jiƙaƙƙiyar tsaga ƙofar cuta ce. Wadda ta fi yawa da damina ita ce mai fitar da baƙaƙen layuka a tsaye a saman tsaga, ɓawon ya ruɓe. Ana shafa maganin fangas a kan tsagar bayan an kwashe madara, kuma ka riƙa tsoma wuƙa a maganin in ka taɓa bishiya mai ciwo. Wasu suna liƙa leda kamar siket a saman tsaga don tare ruwa. Tana aiki in an liƙa da kyau, amma sai an dage da magani domin tana riƙe laima.

Wajen Janairu zuwa Fabrairu, da hunturu, bishiyar tana zubar da ganye ta fitar da sabo. Madara tana raguwa ƙwarai, bishiya kuma tana bukatar ƙarfinta. A ba ta hutun mako huɗu zuwa shida har sabon ganye ya yi kore shar. Mu 'yan arewa a lokacin muke zuwa gida. Kafin ka tafi ka share busassun ganye a kewayen gona saboda gobara.

In ka ga wani sashe na tsaga ya daina fitar da madara, ɓawon ciki ya yi ruwan ƙasa, bishiyar ta gaji ne, galibi saboda yawan tatsa ko yawan maganin ƙara madara. Wannan maganin, etefon, a ƙarfin kashi biyu da rabi cikin ɗari ake shafa shi, 'yan lokuta a shekara, ga bishiyar da ake tatsa kwana uku-uku. Wanda yake tatsa kullum kuma yana shafawa, kwaɗayi mabuɗin wahala ne ya kama shi. Bishiyar da ta bushe a cire mata kofi a bar ta wata shida zuwa shekara. Don sanin irin da ke gonarka da tsarin da ya dace da shi, akwai cibiyar binciken roba ta Najeriya a Iyanomo kusa da Benin, wadda ita ce kuma ke kula da binciken ƙaro, da reshe a Gashuwa ta jihar Yobe.

9. In tsaga ta kai gindi

Kowane wata shida ko shekara za ka riƙa sauko da indararo da kofi yayin da tsaga ke sauka. Da ta kusa wurin aure, ka koma ɗaya gefen ka buɗe shi a tsayin farko, da awo da gangare iri ɗaya. Shekara biyar zuwa shida a nan ma. Kafin ka gama, gefen farko ya yi sabon ɓawo mai shekara goma ko fiye tun daga samansa, sai ka dawo masa. Sabon ɓawo ya fi na fari siriri, don haka hannu ya ƙara sauƙi, kuma a nan ne za ka ga aikin wanda ya riga ka: in sumul ne wuƙa za ta wuce, in ƙulli ne za ka yi ta kewaye.

Bayan gefe huɗu sun ƙare, ana komawa ɓawon sama da tsagar farko, a yi tatsar sama da wuƙa mai doguwar ƙota, ana turawa daga ƙasa, a gangaren digiri 45, a kan rubu'in jikin bishiya kawai. Madarar tana da yawa amma tana son malala, sai an fere kwarin da kyau, kuma ka kare idonka domin a samanka take. Shekara biyu ko uku na ƙarshe, in an riga an tsai da ranar sarewa, ana tatsa ta ko'ina. Daga nan a sare, katakon ya tafi wurin masu kujeru da tebura, rassan su zama itacen ɗakin hayaƙi, a tone kututturan da saiwoyinsu saboda cutar ruɓar saiwa kafin a dasa sababbi.